Idan Yaronku Zai Shiga Kulob ɗin Tseren Kwalekwale a Ingila: Shawarwari Ga Iyaye

Iyalan Hausawa da ke zaune a Ingila sun saba da yaro ya ce yana son ƙwallon ƙafa ko guje-guje. Amma ranar da ɗan shekara 13 ko 14 ya dawo daga makaranta ya ce yana son shiga kulob ɗin tseren kwalekwale, gaban iyaye faɗuwa yake yi. Na farko dai ruwa ne, kuma ruwan sanyi. Na biyu, kowa ya ɗauka wasan 'ya'yan masu hannu da shuni ne, tunda abin da ake nunawa a talabijin shi ne karawar jami'o'in Oxford da Cambridge da aka soma a 1829, da gasar Henley da ake yi tun 1839.

Tsoron ruwan yana kan hanya, batun kuɗin ne ke da gyara. Steve Redgrave, wanda ya ci zinare a gasar Olamfik sau biyar a jere daga 1984 zuwa 2000, a makarantar gwamnati ta garin Marlow ya fara. Mohamed Sbihi, Musulmi wanda mahaifinsa ɗan Maroko ne, yana ɗan shekara 15 masu neman hazaƙa suka gano shi a makarantarsu, ya shiga kulob ɗin Molesey. Ya ci zinare a Rio a 2016, sannan ya riƙe tutar Birtaniya a bikin buɗe gasar Tokyo. Wasa ne da wanda ya fara a sakandare bai makara ba. Sai dai shekarar farko tana neman abubuwa da yawa daga gida, fiye da yadda iyaye suke zato.

1. Iyo ne farko, sauran su biyo baya.

Kada ku bar kunya ta sa yaro ya ce ya iya iyo alhali fantsama kawai yake yi a gefen wurin wanka. Ma'aunin da kulob-kulob na Ingila suka saba amfani da shi, bisa jagorancin hukumar British Rowing, shi ne yaro ya yi iyon mita 50 sanye da tufafi marasa nauyi, ya tsaya a ruwa mai zurfi na minti biyu ba tare da ya dafa komai ba, ya kuma yi iyon mita biyar a ƙarƙashin ruwa. Da yawa daga cikinmu mun girma nesa da kogi, ba mu iya ba, 'ya'yanmu ma ba mu kai su sun koya ba. Wannan ba abin ɓoyo ba ne. A gaya wa koci gaskiya, a sa yaron a darasin iyo na 'yan watanni. Wasu kulob-kulob suna barin wanda bai ƙware ba ya shiga jirgi da rigar kariya daga nutsewa, amma a ganina wannan na wucin gadi ne kawai. Matuƙa ba sa sa irin wannan riga a cikin jirgin tsere, domin tana hana hannu motsi. Jagoran jirgi mai riƙe sitiyari da koci da ke cikin jirgi mai inji su ne dole su sa.

2. Ku je kulob ɗin da ƙafarku.

Akwai kulob-kulob na unguwa da ba su da alaƙa da makarantun kuɗi: Lea a Hackney, Globe a Greenwich, Fulham Reach a yammacin Landan, Agecroft a Salford kusa da Manchester. Akwai kuma ƙungiyar London Youth Rowing da ke kai wasan makarantun gwamnati. Kusan kowane kulob yana da darasin 'yan koyo na makonni kaɗan kafin yaro ya zama ɗan kulob sosai.

Ku je ranar Asabar da safe, ku tsaya ku duba. Shin akwai jirgi mai inji yana bin yaran a ruwa? Manya suna lura da su lokacin da suke ɗaukar jirgi daga rumfa? Wane ne jami'in kula da walwalar yara, kuma ina lambarsa? An binciki tarihin masu horarwa kamar yadda doka ta tanada ga duk mai aiki da yara? Ina 'yan mata suke canza kaya? Kulob na ƙwarai ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Sannan ku saurari yadda koci yake magana da yaron da ya fi kowa rauni a cikin jirgi. Wannan ya fi kofunan da aka jera a bango faɗa muku gaskiyar wurin.

3. Ku fahimci abin da yaron yake koyo.

Wanda ya taɓa kallon tseren kwalekwale a bikin Rigata na Yawuri ko a Argungu ya san matuƙa suna fuskantar gaba, filafili a hannu, ƙarfin kuma daga kafaɗa yake fitowa. A nan abin ya sha bamban. Matuƙi yana ba inda za shi baya. Filafilin dogo ne, an ɗaure shi a wani ƙarfe da ya fito daga gefen jirgi. Mazaunin yana kan 'yan tayoyi, yana zamewa gaba da baya, ƙafafu kuma suna cikin takalman da aka kafe a jirgin. Don haka fiye da rabin ƙarfin daga cinyoyi yake zuwa. Ƙafa ce ke fara turawa, gadon baya ya bi, hannu ya ƙarasa. Wajen komawa sai a juya tsarin: hannu ya miƙe, jiki ya sunkuya, sannan gwiwa ta lanƙwashe, kuma a hankali. Ɗan koyo kullum so yake ya ja da hannu ya koma da gudu, kuma watanni ake ɗauka kafin a raba shi da wannan.

Salo biyu ne. Akwai wanda kowane matuƙi ke riƙe filafili biyu, akwai wanda ke riƙe ɗaya da hannu biyu. A Ingila ƙananan yara da salon filafili biyu suke farawa, sai wajen shekara 15 ake barin su su koma na ɗaya, saboda yana karkatar da jiki gefe guda alhali ƙashin baya bai gama ƙwari ba. Idan yaronku yana ƙorafin ba a sa shi a jirgin mutum takwas mai filafili ɗaya-ɗaya ba, dalilin ke nan.

Jirgin mutum ɗaya ya kai tsawon mita takwas, nauyinsa kilo 14, faɗinsa kuma da kyar ya ɗauki ƙugun mutum. Filafilan da ke kwance kan ruwa su ne suke riƙe shi kada ya kife. Wanda ya sake su, ya sha ruwa.

4. Zai kife, kuma gara ya fara kifewa a gaban koci.

Kulob mai tsari yana kai yara wurin wanka a koya musu kifewa da gangan. Abin da ake so ya zauna a kan yaro guda uku ne: ya zare ƙafarsa daga takalmi, ya fito sama, ya riƙe jirgin. Kada ya saki jirgi ya ce zai yi iyo zuwa gaɓa, ko da gaɓar tana kusa. Jirgin ba ya nutsewa, kuma masu ceto sun fi ganinsa a kan kan mutum. Idan zai iya, ya hau bayan jirgin ya fitar da ƙirjinsa daga ruwa.

Dalilin tsanantawar shi ne sanyi. Ruwan da bai kai digiri 15 ba yana sa mutum ya ja numfashi da ƙarfi ba da sonsa ba a minti na farko, daga baya hannu da ƙafa su mutu. Gwanin iyo ma wannan yana kayar da shi, kogunan Ingila kuwa suna ƙasa da wannan ma'auni a mafi yawan shekara. Ku koya wa yaro ya duba igiyar da ke ɗaure diddigen kowane takalmi da jirgi kafin ya shiga; ita ce ke sa ƙafa ta zare idan an kife. Kuma duk ranar da aka soke fita saboda hazo, ko iska, ko an kafa jan allo a kogin Thames saboda ruwa ya yi ƙarfi, kada ku ce an ɓata muku man mota. Kocin da ya hana fita ranar ya cancanci godiya.

5. Tufafi: masu kama jiki, a jera su hawa-hawa.

Babbar riga mai aljihu a gaba tana kama babban yatsa, dogon gefen riga kuma yana shiga tayoyin mazauni. Auduga idan ta jiƙe ba ta bushewa, sai ta ƙara sanyi. A sa riguna sirara biyu ko uku da za a iya cirewa ɗaya bayan ɗaya, da hula a hunturu, da cikakken kayan canji da tawul a jaka kowace rana.

Ga 'yan mata, wannan shi ne wurin da iyaye da yawa suke tsayawa, kuma ina ganin bai kamata ya zama ƙarshen magana ba. Ana iya sa dogon wando mai kama ƙafa a ɗora gajeren wando a kai, da riga mai dogon hannu wadda ta sauko ta rufe ƙugu ba tare da ta yi ja ba, da hijabin wasanni irin wanda ake zurawa ba tare da allura ba, a cusa gefensa cikin riga. Abin gudu shi ne mayafi mai lilo, domin zai iya naɗewa a ƙarfen jirgi idan an kife. Ku zauna da koci tun farko ku yi maganar kayan gasa. Mata suna tsere a Olamfik tun 1976, kuma mace ce, Chierika Ukogu, ta fara wakiltar Najeriya a wannan wasa a Olamfik, a 2016.

6. Idan an sa sunansa a jirgi, alƙawari ne, kuma gidan gaba ɗaya ne ya ɗauka.

Wannan ita ce shawarar da na fi so ta zauna. A ƙwallon ƙafa, idan mutum ɗaya bai zo atisaye ba, goma za su buga. A nan kuwa jirgin mutum huɗu ba ya fita da uku. Yaro ɗaya ya makara, sauran sun tashi tun duhu, sun shigo sanyi, sun ɗauko jirgi, sai su tsaya a gaɓa suna kallon wasu suna wucewa. A ɓangaren Thames da ke cikin Landan ma, inda ruwan teku ke shigowa yana janyewa, lokacin fita yana bin ruwan ne, ba ya jiran kowa.

Ɗan shekara 14 ba shi da mota, ba shi ne ke tsara tafiye-tafiyen gida ba. Saboda haka makararsa sau da yawa tamu ce. Mu mutane ne masu zumunci: suna, ɗaurin aure, gaisuwar rasuwa a wani gari, baƙon da ya sauka daga gida ba sanarwa. Ba wanda ya ce a bar waɗannan. Abin da ake nema shi ne a duba kalandar kulob tun farkon zango, a faɗa wa koci ranakun da yaro ba zai samu zuwa ba, har da ranakun Sallah, tun da sauran makonni, domin ya sake tsara jirage. Saƙon ƙarfe shida na safe cewa yau ba za mu zo ba, sai dai in rashin lafiya ce. Kuma kada hana zuwa atisaye ya zama horon da ake yi wa yaro idan ya yi laifi a gida, domin yara uku ko bakwai da ba su yi komai ba su ma an hore su.

Akwai riba a cikin wannan ɗaurin. Yaron da ya san mutum bakwai suna jiransa yana koyon kwanciya da wuri ba tare da an yi masa faɗa ba. A hunturu kuwa alfijir yana makara, sai ya zama tashi ɗaya ne: sallar Asuba, karin kumallo, a kama hanyar kogi. Ku nemi iyayen da kuke unguwa ɗaya ku riƙa karɓa-karɓar kai yara. Kulob-kulob ɗin nan da aikin sa kai suke tafiya, don haka ranar gasa ku ma ku ɗauki wani abu, ko dafa shayi, ko ɗaure jirage a tirela.

7. Kada lambobin injin tuƙi su zama abin awon yaro.

Rabin horon hunturu a kan injin tuƙi na cikin ɗaki ake yinsa, yawanci ƙirar Concept2, wanda wasu 'yan'uwa biyu suka fara ƙerawa a jihar Vermont ta Amurka a 1981. Allonsa yana nuna mintin da za a ɗauka a yi mita 500, da yawan ja a minti guda. Kuskuren ɗan koyo biyu ne: ya tura sandar gefen fanka zuwa 10 yana zaton haka jarumai suke yi, ya kuma riƙa ja sau 30 a minti. Tsakanin 3 da 5 ya isa, ja 18 zuwa 22 a minti, a miƙe ƙafa da ƙarfi a dawo a natse.

Gwajin mita 2000, wanda shi ne tsawon tseren manya, yana da zafi ƙwarai, kuma yara suna kwatanta sakamako a tsakaninsu. A wannan shekarun, wanda ya riga balaga shi ke kan gaba, bayan shekara biyu kuma lissafin ya juye. Ku tambayi yaro me koci ya gyara masa yau, maimakon na nawa ya zo.

Gwaninta a ruwa ba ta samuwa da gaggawa. Hamadou Djibo Issaka na Nijar ya shiga tseren mutum ɗaya a Olamfik ta Landan a 2012 bayan horon kimanin wata uku kacal. Ya ƙare da tazarar fiye da minti guda a bayan na gaba, duk da ƙarfinsa da himmarsa, 'yan kallo a tafkin Dorney kuma suka raka shi da tafi har ya kai layi. Wata uku yana koya wa mutum ya zauna a jirgi bai kife ba. Sauri sai an shekara ana yi.

8. Hannu, baya da ruwan kogi.

Tafin hannu zai yi bororo kafin ya yi kanta. A wanke, a rufe da filasta, kada a yage fatar. Yawan bororo alama ce ta matse filafili da yawa. Gajiyar tsoka ba komai ba ce, amma ciwon ƙugu da ya wuce kwana biyu, ko zafi a wuri ɗaya a haƙarƙari da ke ƙaruwa in an yi tari ko an juya a gado, a tsaya a ga likita, domin haƙarƙarin matuƙa yana tsagewa saboda yawan aiki.

Ruwan kogi yana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke fitowa daga fitsarin ɓera, tana shiga ta rauni ko ido ko baki. Ba ta da yawa, amma ita ce ta yi ajalin Andy Holmes, zakaran Olamfik sau biyu, a 2010. A rufe duk wani ƙurji kafin a shiga ruwa, a wanke hannu kafin a ci abinci, a ajiye gorar ruwan sha cikin leda kada ta yi birgima a ƙasan jirgi. Idan zazzaɓi da ciwon jiki suka kama yaro a cikin makonni kaɗan bayan ya kife, ku faɗa wa likita cewa ya shiga kogi. Wannan jimla guda tana iya sauya gwajin da za a yi masa.

9. Ci, barci da azumi.

Yaron zai riƙa ci kamar an buɗe rumbu, ku bar shi. Shinkafa da wake, tuwo, taliya, ƙwai, madara, kifi, ayaba: abincin gida ya wadatar, babu buƙatar garin ƙarin ƙarfi na gwangwani. Ya ci wani abu kafin fita da safe, ya kuma ci da zarar ya sauka. Yarinyar da ke yawan kasala ko jiri a duba mata jini. Duk wanda ya ce ɗan sakandare ya rage cin abinci don ya yi sauƙin nauyi a jirgi, a kai ƙararsa ga jami'in walwala.

A 'yan shekarun nan Ramadan yana faɗowa a ƙarshen hunturu a Ingila, yini bai yi tsawo ba, wanda sauƙi ne. Duk da haka a sanar da koci tun kafin a ga wata. A rage tsanani, a mayar da aikin inji kusa da buɗa-baki ko bayansa, a sha ruwa sosai tsakanin magariba da sahur. Mai jiri kada ya shiga jirgin mutum ɗaya. Idan babbar gasa ta faɗo cikin azumi, hukuncin na malamai ne, a tambaye su da wuri.

10. Ƙaramin jiki ma yana da kujera.

Dogaye sun fi samun sauƙin wasan, gaskiya ne. Amma jirgin mutum takwas yana da mutum na tara, jagora, wanda ake so ya zama mara nauyi. Shi ke riƙe sitiyari, shi kaɗai ke ganin gaba, shi ke ba da umarni ta lasifika, kuma amincin jirgi mai tsawon kusan mita 18 yana wuyansa. Yaro mai natsuwa da kaifin ido da murya a tsaye, wannan aikinsa ne.

11. Kuɗi da jarrabawa.

Jirgi da filafili na kulob ne, kada ku sayi ko ɗaya. Abin da ke kanku shi ne kuɗin kulob, rajistar British Rowing idan zai shiga gasa, kuɗin shiga kowace gasa, kason jigilar jirgi, da rigar kulob, wadda ana samun ta hannu wajen waɗanda suka girme ta. Sifana mai lamba 10 da 13 ita ce kayan aikin da kowane matuƙi ke yawo da shi. Idan abin ya yi nauyi, ku tambayi ma'aji a asirce ko akwai tallafi, kulob-kulob da dama suna da shi.

Daga kaka zuwa Maris ana yin tseren dogon zango inda jirage ke tashi ɗaya bayan ɗaya ana auna lokaci. Daga Afrilu zuwa Yuli sai tseren kafaɗa da kafaɗa. Babbar gasar makarantu ta ƙasa a watan Mayu take, daidai lokacin jarrabawar GCSE. A shekarar farko wannan ba matsala ba ce, amma kafin shekarar jarrabawa ku zauna ku uku, ku da yaro da koci, ku yanke yawan fitar da zai riƙa yi a mako.

12. Idan an je gida hutu.

Yaron da ya shekara a kogi zai ga dam ko tafki a gida ya ji ya isa. Ku ja masa kunne. Ruwan da ke kwance a ƙasashenmu sau da yawa yana da ƙwayar tsargiya, wadda ke fitowa daga katantanwar ruwa ta ratsa fata ba tare da an ji ba, alamarta kuma sai bayan makonni ko watanni. Idan ya shiga, a faɗa wa likita bayan an dawo, akwai gwaji, akwai magani. Kwalekwalen haya na ƙetare kogi kuma, kada ya hau shi ba rigar kariya, kada ya hau wanda aka yi wa lodi fiye da kima, kada ya hau da dare, komai gwanintarsa a iyo.